Wanda Ya Ɗaure Bakin Ma'aikaci, Shi Ya Ɗaure Ƙafar Saniya

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, na Malanbil da Gene da Garu da Madekali da Tumbutu, har zuwa Karimama, da kuma na ƙetaren kogi a Gaya waɗanda wannan takarda take isa hannunsu.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu. Ana jin ta a kara ranar kasuwa, ana jin ta a wurin mai shayi, har ma daga bakin waɗansu dattawa da ake ganin girmansu. Duk lokacin da rediyo ta ce malaman makaranta sun shiga yajin aiki, ko kuwa gwamnati ta sayar da wani kamfaninta, sai ka ji an ce wannan rigimar 'yan boko ce da mutanen Kwatano, mu da ba mu cin albashi ina ruwanmu? To, jama'a, ni a ganina babu maganar da ta cuce mu kamar wannan, domin fiye da shekara 30 ke nan ana yanka dukiyar ƙasar nan ana rabawa muna kallo, muna tsammanin naman wani ne, alhali kuwa har da cinyar saniyarmu a cikin kason.

Bari in fara da abin da masu son sayarwa suke faɗi, domin ba duka ne ƙarya ba. Sukan ce kamfanonin gwamnati na zamanin Janar Mathieu Kereku gidajen ɓarna ne. Haka ne. Wanda ya yi wayo a 1989 ya san bankunan gwamnati sun durƙushe da kuɗin mutane a ciki, ma'aikata sun yi watanni babu albashi, kuma makiyayi bai ga wata aljanna ba a ƙarƙashin jar tutar juyin juya hali. Babu mai kuka don waɗancan kwanaki su dawo. Amma a tuna wane ne ya tilasta wa Kereku ya sauko daga kan dokinsa. Malaman makaranta ne da ɗalibai da ƙananan ma'aikata, waɗanda suka ajiye aiki wata da watanni a 1989, har ya yarda aka kira Babban Taron Ƙasa da aka yi a Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairun 1990, ƙarƙashin jagorancin Monsanyo Isidore de Souza. Wato yajin aiki ne ya haifi dimokuraɗiyyar da Benin take alfahari da ita a gaban duniya. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A cikin wannan shekara ta 1989 ɗin ce kuma gwamnati ta sa hannu a kan shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Ba Da Lamuni na Duniya, sa'an nan Nicéphore Soglo, wanda shi kansa tsohon ma'aikacin Bankin Duniya ne, ya zo ya ci gaba da shi. Sharuɗɗan ba boyayyu ba ne: a rage ma'aikata, a rufe kamfanonin da suka gaza, a sayar da waɗanda suke da mai a jiki. Ɗan birni ya ji zafin abin a aljihunsa. Mu kuwa a garke muka ji shi. A da malamin dabbobi na gwamnati yakan bi rugage ya yi allurar bushiya, kuma da irin wannan aiki na gwamnatoci, ƙasa da ƙasa, aka kashe wannan annoba har aka bayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Da aka ce kiwon lafiyar dabba ya koma hannun 'yan kasuwa, sai likita mai zaman kansa ya zauna inda ciniki yake, a bakin kwalta. Wa zai ƙona mansa ya shiga ƙurmin Karimama saboda shanu 20? Sai maganin sammore na jabu ya cika tebura a kasuwa, kowa ya zama likitan kansa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa gida biyu. Gaskiya fatake sun ɗan sha iska a lokacin, saboda daskararren naman Turai da ake jibgewa a gaɓar teku ya yi tsada, shanunmu suka yi daraja. Amma kwalbar magani da ake shigowa da ita ita ma ta yi tashin gwauron zabo, kuma ba ta sake saukowa ba.

Sa'an nan aka shiga gwanjo. A 1999 aka sayar da mafi yawan hannun jarin SONACOP, kamfanin man fetur na ƙasa, ga ɗan kasuwa Séfou Fagbohoun, kuma jaridu suka daɗe suna zargin cewa da kuɗin kamfanin ne kansa aka biya kuɗin sayensa. A 2006 aka tsare shi a kan sha'anin kamfanin. Ku fatake kun san ciniki: in wani ya sayi bijiminka, ya biya ka da kuɗin da ya zaro daga aljihun rigarka, me sunan wannan a kara?

Maganar jirgin ƙasa kuwa ta shafi Malanbil kai tsaye. Layin dogo daga Kwatano ya tsaya a Paraku tun zamanin Faransawa, kilomita 438, kuma a 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukuma guda mai kula da shi, wadda aka sani da OCBN. Kakanninmu sun ji alkawarin cewa dogo zai iso Kandi, ya iso Malanbil, ya ƙetare zuwa Gaya da Doso da Yamai. Aka bar hukumar ta lalace, ma'aikatanta suka sha yin watanni ba su ga albashi ba, suna kuka babu mai ji, mu ma ba mu ji ba. A 2015 aka miƙa ta ga kamfanin Bolloré na Faransa da sunan Bénirail. Ya shimfiɗa wajen kilomita 140 tsakanin Yamai da Doso, aka yi biki aka kaɗa ganguna a farkon 2016. Wani attajirin Benin, Samuel Dossou, ya ce shi aka fara ba kwangilar, ya kai ƙara, kotun ƙolin Benin ta ba shi gaskiya a 2017. Attajirai biyu suka yi kokawa a kan tabarma, tabarmar ce ta yage. Ƙarfen Doso bai taɓa sauke bijimi ko ɗaya a Kwatano ba, kuma bafatake ya ci gaba da loda shanu a babbar mota, tafiyar fiye da kilomita 700, yana biya a kowane shinge, dabba tana ramewa a tsaye. Shi kuwa Bolloré, a ƙarshen 2022 ya sayar da harkokinsa na tashoshin jiragen ruwa da sufuri na Afirka ga kamfanin MSC a kan kuɗin Yuro biliyan 5.7, ya kaɗe rigarsa.

Amma inda ƙaya ta fi shiga ƙafarmu shi ne auduga, don haka a yi mini haƙuri in daɗe a nan.

Masana'antun gurzar auduga na kamfanin gwamnati SONAPRA, guda 10, an mayar da su hannun wani sabon kamfani mai suna SODECO a 2008, zamanin Yayi Boni, kuma babban mai hannu a cikinsa shi ne Patrice Talon, wanda dama tun shekarun 1990 yake riƙe da cinikin taki da maganin ƙwari. Daga baya su biyun suka ɓata, gwamnati ta karɓe masana'antun, Talon ya yi gudun hijira Faransa, ya dawo ya ci zaɓe a 2016, kuma cikin makonnin farko na mulkinsa aka mayar da harkar auduga hannun 'yan kasuwa. Ya ce ya janye hannunsa daga kamfanoninsa kafin ya hau kujera. To, mun ji. Abin da ido ya gani shi ne auduga ta bunƙasa har Benin ta zama ta ɗaya a Afirka a kakar 2018 zuwa 2019 da wajen tan 678,000, ta kuma haura tan 760,000 a kakar 2021 zuwa 2022. Aka yi ta tafi a Kwatano.

Tambayata ita ce: a kan wace ƙasa aka shuka wannan auduga? Ba a sararin sama aka shuka ta ba. Jihar Alibori ce uwar auduga, Banikwara da Kandi da Gogunu, wato daidai inda shanun arewa suke bi in sun gangara kudu da rani, suke kuma bi in sun hauro da damina. Duk hektar da aka ƙara, an ƙara ta ne a kan saura ko makiyaya ko gefen burtali. Burtalin da garke biyu suke giftawa a cikinsa a da, ya koma siririn da yaro ba ya iya tsare shanu 50 a ciki ba tare da ɗaya ta miƙa wuya cikin gona ba. Ga maganin kashe ciyawa da ake fesawa har bakin mashaya. In ɓarna ta auku, sai a tara manomi da makiyayi gaban hukuma, talaka da talaka, a ci wannan tara, a bar wancan da ɓacin rai, wani lokacin har jini ya zuba. Kada wani ya ɗauka ina zagin manomi. Manomin da ya karɓi taki bashi, wanda ba shi yake yanka farashin audugarsa ba, ba shi da mafita sai ya faɗaɗa gona don ya biya. Shi ma kura ce mai shan bugu, gardi yana can yana karɓar kuɗi. Ko anguryar da muke ba shanu da rani, ita ma ta samu masu so: masana'antun mai na kudu, irin na Bohikon, su suke fara ɗiba, mu mu sayi abin da ya rage da tsada.

Ga gabas gona, ga yamma gandun daji. Gandun W, wanda ya haura hekta 500,000 a ɓangaren Benin kaɗai, yana nan a ƙofar Karimama da Malanbil tun 1954. A 2017 aka ba ƙungiyar African Parks, mai hedkwata a Afirka ta Kudu, riƙon gandun Penjari, a 2020 aka ƙara mata da W. Za a ce ba sayarwa aka yi ba, amana aka bayar. Na yarda. Amma wanda yake riƙe da mabuɗin ƙofa da bindiga, shi ne mai gida a wurin wanda yake tsaye a waje. Na san kuma dajin ya zama maɓoyar 'yan bindiga, sun kashe masu gadin gandu a Fabrairun 2022, sun kashe sojoji 54 a rana guda a Afrilun 2025, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mu ne muka fi kowa sanin sharrinsu, domin shanunmu suke korawa, 'ya'yanmu suke ruɗa. Sai dai duk wanda ya toshe wa mutum gona ta gabas, daji ta yamma, iyaka ta arewa, sa'an nan ya zo yana tambayar me ya sa waɗansu samari suke sauraron masu mugun wa'azi, to ya fara duba hannunsa.

Yanzu mu koma kan yajin aiki. A 2017 majalisa ta yi dokar ɗaukar ma'aikata wadda ta ba mai kamfani damar sabunta kwangilar wucin gadi sau nawa ya ga dama, wato mutum ya tsufa yana ɗan gwaji. A ƙarshen shekarar ta haramta yajin aiki ga ma'aikatan lafiya da na shari'a. Kotun tsarin mulki ta soke haramcin a Janairun 2018, sai wa'adin alƙalanta ya cika, aka naɗa sababbi ƙarƙashin Joseph Djogbénou, tsohon lauyan shugaban ƙasa kuma tsohon ministansa na shari'a, kuma a watan Yuni sabuwar kotun ta warware hukuncin tsohuwar. Kafin shekarar ta ƙare aka kafa dokar da ta ce ma'aikaci ba zai yi yajin da ya wuce kwana 10 a shekara ba, kwana 7 a wata shida, kwana 2 a wata guda. Ma'aikatan asibiti babu ko kwana ɗaya. A 2022 aka ƙara da na tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama da harkar man fetur. Ku lissafa da kanku: da wannan doka tana nan a 1989, da an yi Babban Taron Ƙasa? An hau bishiya da tsani, an kai sama, an sa gatari an sare tsanin. A Afrilun 2024 ƙungiyoyin ƙwadago suka fito tattaki a Kwatano saboda tsadar rayuwa, 'yan sanda suka tarwatsa su, suka kama waɗansu shugabanninsu.

Me ya haɗa wannan da saniya? Ku dubi kwanakin. A Afrilun 2019 aka sa hannu a kan dokar kiwo ta ƙasa, wadda ta san da tafiyar kiwo, ta kuma yi maganar burtali da mashaya. Wata 8 kacal bayan haka, a Disambar 2019, ministoci suka fitar da takardar hana shanun ƙetare shigowa Benin kiwo, duk da cewa shugabannin CEDEAO sun amince tun Oktoban 1998 a Abuja cewa garke mai takardar shaidar tafiya yana da damar ƙetare iyaka. Da Nijar ta yi kuka, aka ce to an yi mata alfarma, shanu 50,000 su shigo na wata uku a 2020. Hakkin da yake rubuce ya koma alfarma mai adadi da wa'adi, tamkar yadda yajin ma'aikaci ya koma kwana 10. A 2021 kuma aka buɗe ofishin babban kwamishina mai kula da zaunar da makiyaya wuri guda, a ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa.

Ma'aikaci ba shi da makami sai ya ce na ajiye aiki. Makiyayi ba shi da makami sai ya ce na tashi. Tun zamanin jangali, in hakimi ya matsa, ko ciyawa ta ƙare, ko ciwo ya ɓulla, ardo yakan sa a kwance bukkoki a yi gaba, kuma tsoron kada mu tashi da kasuwarmu da nononmu da takin shanunmu shi yake sa mai mulki ya sassauta. Tafiya ita ce yajin aikinmu. Wanda aka ɗaure wa ƙafa dole ya sayi dusa a farashin da aka yanka masa, ya sayar da maraƙi a farashin da aka ba shi. Mai son ya zauna ya zauna, da yawanmu ma a zaune muke tun kakanni, muna noma muna kiwo, kuma babu wanda zai ƙi rijiya da makaranta da asibiti. Amma kafin a ce wa mutum zauna, a nuna masa inda zai zauna, da takardar mallaka a hannunsa, da amsar abin da shanu 100 za su ci a watan Afrilu a kan 'yan hektoci.

Sa'an nan ga gadar Malanbil. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe iyaka. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, sojojin Nijar suka bar nasu a toshe. Motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe, 'yan dako da direbobi da masu abinci suka rasa na cefane, 'yan'uwan juna na Gaya da Malanbil suka koma bin kwalekwale. Amma bututun mai na kamfanin Sin, mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme, ta nan ƙasarmu ya ratsa. Shi ma an yi rigima a kansa a watan Mayun 2024, sai dai cikin 'yan watanni aka shirya, ɗanyen mai ya ci gaba da gangarawa teku a daidai lokacin da gada take rufe ga rago da bijimi. Kayan masu ƙarfi ba ya rasa hanya. A Mayun 2025 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gabannin babbar salla, don haka kada wani ya ce mini zalunci a gaɓa ɗaya kawai yake.

Su ma shugabannin ƙwadago ina da magana da su. Ranar da aka hana shanu ƙetare iyaka, titunan Kwatano ba su cika da masu tattaki saboda mu ba. Da yawa daga cikin masu albashi kallon baƙauye suke yi wa Bafillace, su tuna da shi kawai in kilon nama ya hau. In suna son mu ji zafin kwana 10 ɗinsu, su ma su koyi faɗin kalmar burtali a cikin jawabinsu na ranar ma'aikata.

Wani zai ce, to malam, ka zagi kamfanin gwamnati, ka zagi na attajiri, me ka bar mana? Na bar muku Gogunu. A can ne makiyaya suka tashi tsaye suka karɓi ragamar kararsu: mai saniya da mai saye su yi ciniki fuska da fuska, dillali ya koma mai shaida ana biyansa ladansa a fili, a rubuta kowane ciniki, kuɗin da aka karɓa a kan kowane kai ya shiga asusun da kwamiti yake ba da lissafinsa. Na san waɗansu 'yan'uwa dillalai ba sa son jin wannan, amma ba a kore su ba, an dai fito da la'ada daga cikin hannun riga. Daga wannan tushe ƙungiyoyin makiyaya suka yaɗu har aka kafa ANOPER a 2007. Babu wani Bature da ya zo da jaka ya saya, babu minista da ya naɗa ɗan'uwansa darakta. A Nijar ma matsin ƙungiyoyi irin su AREN ne ya taimaka har dokar kiwo ta 2010 ta rubuta cewa tafiya hakkin makiyayi ne.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu, da ardo-ardo da sarakunan kara, a taronmu mai zuwa a sa wannan magana a gaba. A nemi magajin garin Malanbil da na Karimama su fito da taswirar burtali da mashaya da makiyaya, a karanta ta da Hausa da Fulfulde da Dandanci a gaban manoma da makiyaya tare, a kafa turaku inda babu, a tumɓuke gonar da ta hau kan hanya ko ta wane ne. Duk wata kara ko mayanka ko fili na jama'a da za a ba wani riƙo, a faɗi sunansa da kuɗin da ya biya da shekarun da aka ba shi kafin a sa hannu. A ware wa makiyayan Alibori kasonsu na angurya a masana'antun Kandi da Banikwara kafin motoci su yi kudu da ita. Kuma a aika wakilai biyu, makiyayi ɗaya bafatake ɗaya, su je su zauna da ƙungiyar direbobi da ta 'yan dako da ta malaman makaranta na nan Malanbil, a rubuta takarda guda a kan gada da burtali da kwana 10, kowa ya sa hannu, a kai Kandi ofishin gwamna.